Nawa mai saye zai yarda ya biya a kai masa kayan haɗa-da-kanka har gida?

Tambaya: Ina sayar da kayan ɗaki irin waɗanda ake zubawa a kwali a warware, mai saye ya haɗa abinsa da kansa: gadaje, tebura, kantoci da durowoyi. Yawancin cinikina ta intanet ne. In na sa kuɗin kai kaya gida sai in ga mutane suna fasa saye, in kuma na ce kyauta ne sai mota ta cinye ribar. Nawa ne mutane za su yarda su biya?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a kasuwa. Mai saye ba ya auna kuɗin dako da nisan da motarka ta yi, ba ya kuma tunanin man da ta sha ko ladan yaran da suka yi lodi. Da abu biyu yake auna shi: kuɗin kayan da ya saya, da wahalar da zai sha in ya ce zai zo ya ɗauka da kansa. In ka riƙe waɗannan biyun, za ka iya fitar da adadin da ya dace da kasuwarka, kuma za ka gane dalilin da ya sa adadin da ya yi wa mai sayen gado daidai yake korar mai sayen ƙaramar kanta.

Da farko sai ka san cewa irin hajarka tana da tarihin da ke aiki a zuciyar mai saye ko da bai san shi ba. Tun 1859 Michael Thonet ya fitar da kujerarsa mai lamba 14 a Ostiriya, wadda ake warwarewa a zuba guda 36 cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya ne. Kamfanin IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a Suwidin a 1943, shi ya mayar da dabarar ta zama ruwan dare, bayan da ma'aikacinsa Gillis Lundgren ya cire ƙafafun wani tebur a 1956 don ya shiga mota. Yarjejeniyar da aka ƙulla da mai saye tun daga lokacin a fili take: kamfani ya huta da haɗawa, ya huta da cika sito da kayan da rabinsu iska ce, ya rage karyewa a hanya, kai kuma mai saye ka ɗauki kwalinka ka kai gida ka haɗa, a rage maka kuɗi. Wato duk arahar wannan kaya an gina ta ne a kan cewa zangon ƙarshe na tafiyar a wuyan mai saye yake. To ga shi yanzu ciniki ya koma intanet, wannan zangon ya dawo wuyanka, amma mai saye har yanzu kallon kayan araha yake yi wa hajar. Shi ya sa kuɗin dakon da ba zai ce uffan a kansa ba in kujerun fata masu tsada ya saya, yake yi masa ciwo a kan durowa ta kwali.

Akwai gwajin da ya nuna yadda wannan awo yake aiki. A 1981 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun tambayi mutane: kana shirin sayen kalkuleta ta dala 15, sai mai shago ya ce maka a wani reshensu, tafiyar minti 20 a mota, ana sayar da ita dala 10, za ka je? Kashi 68 cikin 100 suka ce za su je. Da aka mayar da kuɗin kalkuletar dala 125, a ɗaya reshen kuma 120, kashi 29 kawai suka ce za su je. Dala 5 ɗin ba ta canja ba, tafiyar ba ta canja ba, abin da aka jingina ta da shi ne ya canja. Haka kuɗin dakonka yake. Ka sa kowane irin kuɗi a wannan misali: 20 a kan kanta ta 60 sulusin kuɗin kayan ne, mutum zai ji kamar an ci da guminsa. Wannan 20 ɗin a kan kabad na 600 ba zai ma tsaya ya duba ta sau biyu ba.

Matsalar ita ce naka lissafin ba ya bin wannan hanya. Katakon da ake yin yawancin waɗannan kaya da shi, wanda ake matse diddigar itace da gam, yana da nauyi fiye da yadda kuɗinsa ke nunawa. Ga kuma tsawo. Shahararriyar kantar littattafai ta IKEA mai suna BILLY, wadda ta fito a 1979, tsayinta santimita 202 ne, don haka kwalinta ya haura mita 2. Kwali irin wannan ba ya bin layin ƙananan saƙonni cikin sauƙi. Kamfanonin aika kaya suna ɗora masa ƙarin caji saboda tsawo, kuma a Amurka UPS da FedEx ba sa karɓar ƙunshin da ya wuce nauyin fam 150, kusan kilo 68, a sahun saƙonnin yau da kullum. Da kaya sun kai nan sai babbar mota da mutum biyu. Ita kuwa mota ba ruwanta da ko abin da ke cikinta na 60 ne ko na 600.

Don haka kafin ka tambayi nawa za su biya, ka fara sanin nawa kai kake kashewa a kan kowace ƙofa. Ka haɗa duk abin da mota ke ci a wuni ɗaya: mai, direba, yaron mota, gyara da abin da kake warewa don lalacewarta. A ce ya kama 240. In ta sauke kaya a gida 12, kowane gida ya tashi a 20. In cunkoso da nisan unguwanni suka sa gida 8 kawai ta samu, ya zama 30. In cikin 8 ɗin nan aka je gida ɗaya ba kowa, ya haura 34, ga kayan da za a sake saukewa a sito a sake lodawa gobe, kuma kowane ɗauka da ajiyewa wata dama ce ta fashewar kusurwa. Na sha ganin 'yan kasuwa suna ta fama da neman mai mai rahusa, alhali babbar ɓarakar tana wajen yawan gidajen da ake kammalawa a wuni. Wanda ya tara odar yanki ɗaya ya kai su rana ɗaya ya fi wanda ke tura mota gabas da safe, yamma da rana, samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Wannan shi ne ƙasan farashin. Samansa kuwa yana hannun mai saye, kuma masu sayenka ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke da babbar mota da ɗan'uwa mai ƙarfi a gida, a wurinsa zuwa da kai ya fi aike. Ko rabin abin da kake kashewa ka ce ya biya, zai ga ya yi yawa. Kada ka ɓata ribarka wajen lallashinsa. Ka buɗe masa ƙofar zuwa ya ɗauka kyauta a sitonka, ka shirya masa kayan kafin ya iso, a taya shi sawa a mota. Wanda ba shi da mota kuwa lissafinsa daban ne. Zai yi hayar motar kaya, zai nemi mai taya shi ɗauka, zai kashe rabin wuni, kuma in falanki ya tsage a hanya asararsa ce. Jimillar waɗannan ita ce iyakar abin da zai yarda ya ba ka, kuma sau da yawa ta fi abin da kake tsammani. Ka je ka tambayi nawa ake hayar ƙaramar motar kaya na awa biyu ko uku a inda masu sayenka suke, ka ƙara ladan ɗan dako ɗaya. In kuɗinka yana ƙasa da wannan a fili, kana da hujjar da za ka faɗa wa kowa ba tare da jin nauyi ba.

Sai rukunin da aka fi mantawa da su, alhali su ne suka fi kowa shirin biya: tsofaffi, mai juna biyu, wanda ke zaune shi kaɗai, da mazauna saman bene. Su ba tafiyar motar ce damuwarsu ba, taku 30 na ƙarshe ne. Ka taɓa tsayawa ka kalli mutum biyu suna juya kwali mai tsawon mita 2 a kwanar matakala? Na ƙasa ya ɗaga shi sama da kansa, na sama ya ja da baya yana lalubar taki da dunduniya, kusurwar kwalin tana gogar bango, sai an tsayar da shi a miƙe an murɗa kafin ya wuce. Kabad ɗin tufafi na PAX yana da mai tsayin santimita 236, kuma allon gefensa ba kowace na'urar hawa bene yake shiga ba. Wanda ya san shi kaɗai zai fuskanci wannan zai biya ƙari da murna don a shigar masa da kayan har ɗakin da za a haɗa su. Saboda haka ina ba ka shawara ka raba hidimar gida biyu, kowace da kuɗinta: saukewa a bakin ƙofa, da shigarwa har ɗaki. In ka haɗe su a farashi ɗaya, mai ƙarfi zai ga tsada, mai bene kuma zai sami aikin da ya fi abin da ya biya, yaranka su gaji, motarka ta makara.

Abu na biyu da mutane ke biya da zuciya ɗaya shi ne tabbacin lokaci. A ce wa ma'aikaci kayansa za su zo wani lokaci tsakanin safe da magariba, an ce masa ya ajiye aikin wuni guda ke nan. A ce masa tsakanin ƙarfe 4 da 6, kuma direba zai kira shi minti 30 kafin ya iso, wannan hidima ce da yake ganin darajarta. Kai ma ta fi maka, domin ita ce maganin zuwa gida a tarar ba kowa. Ban ga alamar cewa gaggawa tana da irin wannan daraja a kayan ɗaki ba. Wanda ya sayi kabad zai iya jiran kwana 4 in ya san ranar da sa'ar, amma ba zai yafe maka alƙawarin gobe da bai cika ba. Kuma kada ka yarda a ajiye kwali a waje a tafi. Irin wannan katako da ya sha ruwa sai ya kumbura daga gefe, fatar samansa ta ɗago, ramin da noti zai kama ya ruɓe, kuma ba ya komawa daidai ko ya bushe.

Yanzu batun kyauta, tun da ka ambata. Gaskiya ne kalmar tana da ƙarfin da ya wuce lissafi. Kristina Shampanier da Nina Mazar da Dan Ariely sun wallafa wani gwaji a 2007: an ba mutane zaɓi tsakanin cakulan mai kyau na Lindt a santi 15 (santi 100 ne dala ɗaya) da na Hershey a santi 1, kashi 73 cikin 100 suka ɗauki mai tsadar. Da aka rage santi 1 daga kowanne, na Hershey ya zama kyauta, kashi 69 suka koma kansa. Amazon, babban kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya gina kasuwa a kan wannan hali: a 2002 ya fara kai kaya kyauta ga wanda sayayyarsa ta kai wani adadi, har ya sauko da adadin zuwa dala 25, sannan a 2005 ya fito da tsarin Prime, inda mai saye ke biyan dala 79 a shekara a riƙa kai masa kaya ba ƙarin kuɗi. Wannan ya saba wa mutane da ganin dako a matsayin abin da bai kamata a biya ba. Sai dai littafi da wayar caji ba kabad ba ne, kuma mai saye ya san haka. Da idonsa yake ganin mutum biyu suna haki a ƙofarsa. In ka cusa duk kuɗin dako cikin farashin kaya don ka rubuta kyauta, abu biyu za su same ka. Wanda ya zo ya ɗauka da kansa zai biya hidimar da bai amfana da ita ba, wannan kuma ba adalci ba ne. Sannan farashinka zai fito sama da na abokan gasarka a idon mai kwatantawa, alhali araha ce ta kawo shi wajen irin kayanka tun farko. Abin da ya fi aiki shi ne iyaka: wanda sayayyarsa ta kai kaza, a kai masa kyauta. Ka duba matsakaicin abin da mutum ɗaya ke saye a wurinka, ka sa iyakar ta ɗan ɗara shi, yadda mai sayen gado zai ga in ya ƙara durowar gefen gado ya huta da kuɗin mota. Kwali na biyu zuwa gida ɗaya kusan ba ya ƙara maka komai a kashewa.

Ƙananan kaya kuwa, irin kantar bango ko teburin gefe da mutum ɗaya zai ɗauka da hannu, kada ka ɗora musu kuɗin babbar mota. Ka ba su nasu farashin mai sauƙi ta hanyar masu kai ƙananan saƙonni. Ina zargin yawancin masu fasawar da kake gani daga nan suke fitowa.

Inda na fi so ka kula shi ne lokacin da mai saye ke ganin kuɗin. Cibiyar Baymard da ke Denmak, wadda ta daɗe tana nazarin sayayya ta intanet, ta nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan sayayya ana watsar da su ba a biya ba, kuma in aka cire masu leƙe kawai, babban dalilin da mutane ke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ya yi musu yawa, irin na dako da haraji. Mutum ya zaɓi kaya, ya auna ɗakinsa, ya rubuta suna da adireshi, ya riga ya ajiye adadi a ransa, sai a shafin ƙarshe wani kuɗi ya faɗo masa. Abin da ke ɓata masa rai ya haɗa da jin an ɓoye masa, ba yawan kuɗin kaɗai ba. Akwai masu kawo binciken Tanjim Hossain da John Morgan na 2006 a kan gwanjon intanet na eBay, wanda ya nuna masu saye ba sa ba kuɗin aikawa cikakken nauyinsa, har mai sayarwa kan fi samu in ya rage farashin buɗe gwanjo ya ƙara na aikawa. Binciken gaskiya ne, amma a kan faya-fayan kiɗa da na wasanni aka yi shi, kuma ban yarda ɗan kasuwa ya gina sana'arsa a kan rashin lurar mutane ba. Wanda ya sayi gado bana zai nemi kabad baɗi, kuma zai tuna yadda ka yi da shi. Ka rubuta kuɗin dako a shafin kayan, kusa da farashi, ko ka sa wurin da zai shigar da yankinsa ya gani nan take. A Tarayyar Turai ma doka ce tun umarnin kare masu saye na 2011: dole a nuna jimillar kuɗi har da na kaiwa kafin a kammala oda, mai saye yana da kwana 14 na fasawa, kuma in kayan sun fi ƙarfin gidan waya dole a sanar da shi tun farko abin da mayar da su zai ci. Ko dokar ba ta hau kanka ba, tsarin ya cancanci koyi, domin rigimar mayar da kabad ta fi ta kai shi zafi.

Haɗawa kuma ka bar ta a matsayin hidima ta daban. Akwai masu son yi da hannunsu. Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely sun gano a binciken da suka wallafa a 2012 cewa waɗanda suka haɗa akwatin IKEA da kansu sun yarda su biya kuɗin da ya ɗara da kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka ba su shi a haɗe, sai dai wannan ƙauna tana gushewa in mutum bai kai ga kammala aikin ba. Akwai kuma waɗanda ganin jakar notuna da takardar zane kawai ke sa su fasa, kuma yawansu ne ya sa IKEA ya sayi kamfanin TaskRabbit mai haɗa mutane da masu aikin hannu a 2017. In za ka sayar da wannan hidima, don Allah ka sa ɗaure doguwar durowa da bango a cikinta, ba tare da ƙarin ko sisi ba. A 2016 an janye durowoyi miliyan 29 na IKEA a Amurka bayan sun faɗo wa yara ƙanana har an rasa rayuka. Ɗan ƙarfen da ke zuwa cikin kwalin don wannan aiki abu ne da masu haɗawa da kansu kan tsallake.

To ta yaya za ka fitar da adadin naka? Tambayar mutane kai tsaye ba ta isa ba, domin abin da baki ke faɗa da abin da hannu ke cirewa daga aljihu ba ɗaya ba ne. In kana so ka fara da tambaya, ka yi amfani da hanyar da Peter van Westendorp, masanin tattalin arziki ɗan Holan, ya fitar a 1976. Tambayoyi 4 ne: a nawa kuɗin zai yi arahar da za ka yi shakkar ingancin hidimar, a nawa za ka ce ka yi sa'a, a nawa zai fara yi maka tsada amma ka biya, a nawa kuma za ka haƙura. Amsoshin za su ba ka tazarar da za ka yi gwaji a cikinta. Gwajin kansa da kuɗin gaske ake yi: farashi ɗaya na 'yan makonni, wani farashin na wasu makonnin, a lokacin da ba na rububin sayayya ba, kuma kowa a lokaci ɗaya ya ga kuɗi iri ɗaya.

Wajen karanta sakamakon kada ka ƙirga yawan ciniki, ka ƙirga abin da ya rage maka. Ga misali na ƙirƙira don ka ga yadda ake yi. A ce ribarka a kan oda ɗaya 80 ce, kai ta gida kuma yana cin 30, kuma mutum 100 ne suka iso shafin biya. Da ka ce kyauta, 50 suka saya, kowanne ya bar maka 50, jimilla 2,500. Da ka sa 15, mutum 44 suka saya, kowanne ya bar maka 65, jimilla 2,860. Da ka sa 30 cif, 32 suka saya, kowanne 80, jimilla 2,560. A wannan misali na tsakiya ne ya ci, wato ka ɗauki rabin nauyin, mai saye ya ɗauki rabi, ko da yake ka rasa mutum 6. Naka alƙaluman za su bambanta, kuma ka yi lissafin daban ga ƙananan kaya, daban ga manya, daban ga yankin da ke kusa da sitonka da wanda ke nesa. Ka kuma sa direbanka ya riƙa rubuta minti nawa kowace saukewa ta ci da ko akwai bene, domin daga wannan takardar za ka san nawa ya kamata shigarwa har ɗaki ta ɗara saukewa a ƙofa.